Esin Ɗakin Inna

Karaye, 6 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga maigidana, Baban Fiddausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Yaya aiki, yaya kuma ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya sa mu a gaba. Fiddausi tana gaishe ka, haƙoranta biyu sun fita.

Na ba Sulle direba takardar nan ne don a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana, kullum akwai otal ɗin da ke jiran ka gyara musu sanyi. To, mu ma esin nan mai sanyaya ɗaki da ka ɗaura wa Inna a ɗakinta kafin ka tafi ba shi da lafiya. Na cire ragar cikinsa na wanke kamar yadda ka koya mini, na shanya, na mayar, amma iskarsa ba ta da maraba da ta fanka. Ruwa yana ɗiga a cikin ɗaki har na tara roba, jiya kuma na ga ƙanƙara a jikin bututun. Kai da bakinka ka ce in an wanke raga bai yi sanyi ba, abin ya fi ƙarfin mutanen gida, a kira mai gyara.

Na faɗa wa Inna, ta ce babu mai taɓa shi sai mai shi. Ka dai san mahaifiyarka. Kai ne ɗan fari, ko sunanka ba ta kamawa, balle ta ce tana kewarka. Ranar Sallah ta sa na rufe tuwo a kwano har la'asar, ba ta ce na wane ne ba.

Ni kam babu alkunya tsakanina da kai. Wata goma sha huɗu ya yi yawa, ina kewarka.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Rahmatu

Karaye, 19 ga Afrilu, 2025

Baban Fiddausi,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Inna tana sa maka albarka, ko da yake ta bakina take aiko ta, kamar ba ita ba.

Na ji saƙonka cewa in kira Barau na Rogo Sabon Gari, wanda kuka koyi aiki tare. Sannu da ƙoƙari! Mun nemi mutum, an aiko mana da lambar waya.

Esin yanzu ƙara yake kamar injin markaɗe, ya yi aiki kaɗan ya mutu, ya sake tashi da kansa. Inna ta sa an lulluɓe injin da ke bayan ɗaki da tabarma da buhu, wai kada rana ta dake shi kafin ka zo. Hawan jininta ya tashi ranar Talata, likita ya ce a raba ta da zafi. Gumi yana zuba a wuyanta, amma tana ce mini ita ba ta jin komai. Na ambaci Barau, ta kau da kai ta ɗauki carbinta.

Bari in faɗa maka gaskiya, ni ma ban matsa mata ba. Kwana goma lambar tana wayata. Duk lokacin da na tashi kira sai zuciyata ta ce in ƙara kwana ɗaya, wataƙila in abin ya yi tsanani ka hau mota. Allah ya yafe mini, da lafiyar tsohuwa nake wasa, kuma na sani.

Ka gaida abokan aikinka.

Taka,
Rahmatu

Karaye, 27 ga Afrilu, 2025

Baban Fiddausi,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, Allah ya tsare, amma da kyar.

Ranar Alhamis bayan azahar na shiga kai wa Inna kunu, sai na ji ƙaurin roba. Na kashe wutar daga tushe, na fita tsakar gida na kira Barau, ban nemi izinin kowa ba. Kafin la'asar ya iso a babur.

Da ya yaye tabarmar sai da ya yi salati. Ya ce injin waje iska yake sha kamar mutum, mu kuwa mun toshe masa hanci, ga gas yana yoyo tun tuni. Ya nuna mini wayar wuta ta narke ta yi baƙi ƙirin, ya ce da an ƙara kwana ɗaya buhun nan ne zai fara kamawa, a bayan gadon Inna. Ya yi mini faɗa sosai, ya ce matar mai gyara ba ta da hujja. Gaskiya kuwa ya faɗa. Jiya ya gama aikin tsaf.

Yanzu ɗakin ya yi sanyi kamar ranar da ka ɗaura shi. Na zaci Inna za ta yi mini faɗa, amma ko kallon banza ba ta yi mini ba. Ta kwanta ta juya wa ƙofa baya, abincin rana ma ba ta taɓa ba. Da yamma ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa, ta ce in duba mata firij da famfo da batirin sola, ko akwai wanda yake wani ƙara. Na gane abin da take nema. Na zagaya gidan nan kaf, har kwan fitilar banɗaki na kunna na kashe. Na dawo na ce mata komai lafiya, sai na ga hawaye yana bin kuncinta.

To ka ji. Babu abin da ya lalace a gidan nan, ba mu da sauran dalilin kiranka. Ka zo haka nan.

Matarka mai jiranka,
Rahmatu