Kaset Marar Suna

Birnin Konni, 14 ga Satumba, 2014

Zuwa ga Yayana Muttaƙa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Bushira da Abba. Allah ya rufa muku asiri a Abijan, ya sa albarka a nemanku. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa a tsaye, ka ga kuwa ai lafiya ta samu. Damina ta yi kyau, geron gonarmu ta Bazaga ya fara nuna, waken ma ba laifi.

Yaya, a wasiƙarka ta baya ka roƙe ni in nemo maka Baba a cikin kaset, ko na minti ɗaya ne, don Abba ya ga mutumin da ya ci sunansa. Na yi shiru ban amsa ba, saboda nauyin in ce maka babu. Kaset sama da ɗari biyu na duba a shago. Shekara ashirin da biyu yana ɗaukar mutanen Konni, suna da aure da saukar karatu, amma shi kullum yana bayan kyamara, sai dai ka ji tarinsa ko ya ce a matsa gefe. Wanzami ba ya son jarfa. Abin ya tsaya mini a rai, don ni kaina na fara mance yadda bakinsa yake idan zai yi dariya.

Ka tuna aikinsa na ƙarshe, na makiyayan rugar Baffa Jaje, wanda ya ɗauka kafin ciwo ya kwantar da shi. Ya yi musu alkawari za su ga kansu da shanunsu a tele. Ni na zauna na yi montaj ɗinsa a kwamfuta, na yanke na haɗa, ya fito minti ashirin da shida, hoto tangaran irin na HD. Wani gidan tele a Tawa ya yarda zai nuna, amma suka ce kaset kawai suke karɓa, kuma ya iso musu ran Litinin. Ka san ni a kwamfuta na buɗe ido. Manyeton Baba, babbar na'urar kaset ɗin nan da ba ya bari kowa ya taɓa, ɗauko hoto daga cikinta kawai na iya, ban taɓa mayar da shi ba. Ga shi ɗan allonta da ke rubuta abin da ke damunta ya mutu tun yana da rai, shi da kunne yake gane ta.

Na zagaya kasuwa neman sabon kaset, kowa ya ce an daina kawowa. Sai na tarar da guda a ƙasan aljihun teburinsa, ƙarƙashin tsohuwar hularsa, ba rubutu a jikinsa. Kai ma ka san dokarsa, don ka sha ranƙwashi a kanta: duk kaset ɗin da aka ɗauki abu a ciki, a rubuta masa suna kafin a sha ruwa. Tunda wannan ba shi da suna, na ce Allah ya kawo mini sabo. Ko dubawa ban yi ba, na jefa shi cikin na'ura.

Daga nan wahala ta soma. In danna jan maɓallin ɗauka, fitila ta ƙifta sau biyu, shi ke nan, ta yi shiru. Na ce wayar da ke haɗa ta da kwamfuta ce, na sake wata, ba ta canza zani ba. Na hure ramin wayar, na kashe komai na kunna. Ran Talata na gano kuskurena na farko: na fitar da fim ɗin a kan hoto talatin cikin daƙiƙa, ita kuwa ashirin da biyar ta sani. Na yi murna, na sake fitar da shi, ya ci mini yini guda, har da ɗauke wuta a tsakiya. Na danna, ta ƙifta sau biyu. Ran Laraba na ga ɗan makunnin da ke zaɓar ta inda hoto zai shigo yana kan wata hanya, na gyara. Ta ƙifta sau biyu. Wallahi na zage ta, na ce tsohuwar banza ce mai taurin kai. Inna ta leƙo ta ce wanda ya ji ni daga waje zai ɗauka da jaki nake faɗa. Ranar ce kuma Baffa Jaje ya zo da ƙwaryar nono, yana tambaya yaushe zai tara mutanen ruga. Na ce masa an kusa, kaina a ƙasa.

Ran Alhamis da hantsi na ajiye girman kai na je wurin Malam Labo mai gyaran rediyo, abokin Baba. Ya biyo ni da sandarsa. Na jera masa duk abin da na gwada, ya saurara bai taɓa waya ko ɗaya ba. Ya fitar da kaset ɗin, ya juya bayansa, ya nuna mini da farce wani ɗan mabuɗi da bai kai ƙwayar wake ba, an ture shi gefe. Ya ce a kulle yake, ko zan kai baɗi ina dannawa na'urar ba za ta rubuta komai a kai ba. Dariya ta kama ni don haushi, na miƙa hannu zan buɗe. Sai ya janye kaset ɗin. Ya ce shekara talatin suna tare, bai taɓa ganin ubana ya kulle kaset ɗin da babu komai ciki ba, in duba tukuna.

Yaya, Baba ne. Ranar da ya kawo sabuwar kyamara ce, ya kafa ta a kan ƙafafunta a shago, ya zauna gabanta don ya gwada. Da farko kujera ce kawai, sai ga shi ya shigo yana gyara hula, da shuɗiyar rigar nan da ka aiko masa. Ya matso ya leƙa, ya ce ashe furfura ta yi masa yawa haka ba wanda ya gaya masa. Da ya zo gwada murya, maimakon ya ƙirga ɗaya biyu uku kamar kowa, sunayenmu ya kira. Ya tsaya ya yi murmushi, ya ce murya ta fito. Can aka ji Inna daga cikin gida tana cewa fura tana jiransa, ya ce yana zuwa, ya tashi, hannunsa ya rufe hoton. Minti huɗu ne duka.

Malam Labo ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. Ni kuwa sai na tuna kwana huɗu ke nan ina danna jan maɓalli a kan fuskar Baba. Da na'urar nan ta bi maganata sau ɗaya, da ban ma san abin da na goge ba. Na tambayi Malam Labo me ya hana shi rubuta suna, ya ce me zai rubuta, mutumin da ko a gaban hoto kunya yake ji. Na goge wa manyeto ƙura da gefen mayafina, na ba ta haƙuri. Kada ka yi mini dariya.

Aikin ruga ya tafi lafiya. Malam Labo ya tono mini sabon kaset a ledarsa daga cikin tarkacensa, na danna sau ɗaya ta ɗauka, direba ya kai Tawa ran Asabar. Na Baba kuwa na kwafe shi wuri uku, na mayar ƙarƙashin hular a kulle yadda ya bar shi. Inna ta kalla sau ɗaya, ta ce har yau ba ta san ko ya sha furar nan ba.

Ga hoton Baba nan cikin ɗan kile da ake soka wa kwamfuta, na naɗe a takardar nan, Ado mai zuwa Abijan zai ba ka hannu da hannu. Ka ɗora Abba a cinya ku kalla tare, kuma ka ƙara murya. Sunana sau ɗaya ya kira, naka sau biyu, na biyun a hankali, kamar mai jiran a amsa. Na ƙirga, kuma ban yafe maka ba. In ka ji, ka amsa masa.

Ka gaida mini Bushira da kyau, ka shafa mini kan Abba. Inna tana sa muku albarka, Malam Labo da Baffa Jaje suna gaisuwa. Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Muhsina