Yadda Na Wanke Hoton Inna

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya jikin maigidanki? Mun ji an yi aikin lafiya, har ya fara takawa zuwa bakin ƙofa. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Mu nan kowa kalau. Mai ɗakina tana fama da gwiwarta, amma bai hana ta faɗa ba. Inna kuwa tana nan yadda kika san ta: kunne ya yi nauyi, sai dai in maganarta ake yi a ɗaki na uku.

To, an yi bikin 'yarki, ta tare, kuma alhamdu lillahi ba a ji kunya ba. Saura maganar kyamarar da kika aiko, kika ce tunda jinya ta hana ki zuwa, ni zan zama idonki, musamman ki ga Inna tare da amarya. Har yau ban san abin da kika hango a jikina ba. Wataƙila kin ce mutumin da ya tsufa yana zura zare a allura hannunsa ba ya rawa. Hannu kam bai yi rawa ba, kaina ne ya yi.

Ɗakin taron da aka kama dogo ne, tagogi duk a bayan kujerar ango da amarya. Duk wanda na ɗauka sai ya fito baƙi ƙirin, tagar kuwa ta fito tas kamar ita ake aurarwa. Na matsa kusa, kawuna suka fita daga hoto. Na shekara da shekaru ina yanka yadi, ban taɓa yanke kan mutum ba sai ranar, na kuwa fara da baban ango. Na ja baya, sai na yi karo da mata, kowace ta ɗaga waya sama, ni ina ɗaukar ƙeyarsu. Wata daga dangin ango ta ce wai Baba mai hoto in ɗauke ta ta gefen hagu, nan ne kyanta yake. Na zagaya na duba gefen hagun, na dai danna.

Inna ba ta je ɗakin taron ba. Kin san tun hoton katin shaida, da ta ce an fito da ita kamar wadda aka kama da akuyar mutane, ba ta ƙara yarda an nuna ta da gilashi ba. Amarya ce ta je ta durƙusa a gabanta, ta ce Mamanta ce ta roƙa. Inna ta sa aka kori duk mai waya daga ɗakinta, aka tura ƙofa, muka rage mu uku. Ta yafa mayafin nan shuɗi da kika aiko mata, ta zauna a bakin gado, ta ɗora hannu a kan yarinyar. Ina ta laluben madanni, sai ta ce wai in yi sauri, tun ina yaro haka nake, sai an gama cin abinci nake nemo cokali. Amarya ta fashe da dariya, Inna ma ta kasa riƙe tata, ni kuwa yatsana ya faɗa inda ya dace. Auta, na gan shi a ɗan allon bayan kyamarar. Rabon da in ga fuskar Inna haka tun Baba yana raye.

Bayan biki mutane suka dame ni da tambayar yaushe za a wanke hotuna. Rannan ina zaune a shago ina danne-dannen kyamarar, sai wani rubutu ya fito, ba da harshenmu ba. Dogo direba, ɗan Kawu, yana kan benci yana jiran wandonsa, shi kuwa kin san ba abin da bai iya karantawa ba, in ji shi. Ya karɓa, ya ƙanƙance ido, ya ce tambaya take, wai a wanke katin da ke cikinta? Na ce ikon Allah, ashe ita ma tana wanki, ni nake shirin tafiya wurin masu hoto? Ya ce ai kayan zamani ke nan, Yaya. Na ce to a wanke. Ta sake tambaya ko mun tabbata, muka ce mun tabbata, mu biyu. Muka zauna muna jujjuya ta, muna neman ta inda takardar za ta fito. Dogo har ya tara hannu a ƙarƙashinta.

Ba abin da ya fito. Da na koma duba hoton Inna, sai allo ya nuna babu komai. Na zaci hotunan sun tafi wurin wankin ne za su dawo, don haka na ɗauki hoton keken ɗinkina da Dogo da kyanwar maƙwabta, in ga ko tana aiki. Tana aiki.

Mai gyaran waya da ke bakin titinmu ne ya warware mini, in warwarewa ce. Ya ce wanki iri biyu ne: akwai wanda ke fito da hoto, akwai wanda ke tafiya da shi, mu na biyun muka yi. Na ce to sun tafi ke nan? Ya ce suna nan. Na ce nuna mini. Ya ce ai ba sa nan. Wai kamar allon makaranta ne da aka goge, in ba a yi sabon rubutu a kai ba ana iya karanta tsohon. Sai ya tambaye ni ko na ƙara ɗaukar wani abu. Na tuna kyanwar nan.

Ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Baban ango ya dawo lafiya, ba kai. Mai gefen hagu ta dawo har sau ba adadi. Na Inna kuwa rabi ya dawo: sama duk toka-toka kamar an shafe da siminti, ƙasa kuma ga bakin mayafi, ga kan 'yarki a sunkuye, ga hannun Inna a kai, jijiyoyinsa duk sun fito. Shi ne na sa aka wanke, wankin gaske, na saka miki cikin takardar nan. Ina kallonsa, wani lokaci in ga ya fi komai, wani lokaci in ga ba komai. Ban san wanne za ki gani ba.

Na koma wurin Inna da kyamarar a aljihu, na yi mata bayani iya fahimtata. Ta ce ita ba ta gane ba, an wanke ko ba a wanke ba? Na ce an wanke. Ta ce to ina yake? Na ce wankin ne ya cinye. Da na roƙe ta ta sake zama, amarya ma ta yarda za ta zo, sai ta ce a'a, ta zauna sau ɗaya, dariyar kuma ba a kiranta ta zo. Ta ce in rubuta miki haka, kada in gyara: fuskarta tana nan inda kika bar ta, amma ba ta yi alkawarin ajiye ta da daɗewa ba; wadda ke son gani ta zo da idonta.

Ban gyara ba, Auta. Idan maigidanki ya samu ƙarfin da za a iya barinsa da 'ya'yansa, ki taho.

Ki gaishe shi da jiki, ki gai da yara, Babba da 'Yar Baba da ƙaramin da ban taɓa gani ba. Mai ɗakina da amarya da angonta suna gaishe ki. Dogo ma yana gaisuwa, daga nesa.

Naki,
Yayanki Tela