Harsashin Da Ke Cikin Hotonka

Zuwa ga ɗana Abdulrauf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, ya ba ka juriyar sanyin ƙasar da kake. Mu nan Gashuwa lafiya lau, an fara yankan shinkafa, tattasai ma bana ya yi kyau. Ranar Talata na je Nguru duba mahaifiyarka. Ƙafar ta yi sauƙi, har kasuwa take shiga.

Ita ta nuna mini hoton da ka turo a waya, kana tsaye kusa da akwatin harsasai. Ta ce ka ce a tambaye ni, tunda na tsufa a farauta, wane iri ya dace da beyar, dabbar da aka ɗauke ku aikin kora daga gandun daji. Ban taɓa ganin beyar ba, amma kai ka ce ta kai bijimi nauyi, ga fata ga kitse. Shekara talatin ina bin gadu a fadamar nan, kuma maharbi sawu yake fara dubawa kafin ya zaɓi harsashi. Babbar dabba harsashi guda ɗaya take so, mai kauri mai nauyi, biyu in ta yi gardama. Na hotonka sirara ne, jere ɗari-ɗari. Wata biyu kana can, an taɓa nuna maka ko sawunta? Me ya haɗa korar dabba da karɓe maka fasfo?

Na nemi Hizbullahi, wanda ya yi maka hanyar tafiyar, na same shi can Nguru kusa da tashar jirgin ƙasa. Da na tambaye shi, ya yi dariya ya ce ai dabbar garke-garke take zuwa. Na ce to me ya hana ya tura ƙaninsa da ke zaune ba aiki, sai ya tuna ana jiransa, ya haye babur. Wallahi hankalina bai kwanta da yaron nan ba.

Abdulrauf, na san harsashin nan. A shekarun tashin hankali mun sha tsintar kwansonsa a bakin titi. Ba na dabba ba ne, na mutum ne, kuma duk inda ake raba shi, yaƙi ake yi, ana rabawa a ɗaya ɓangaren ma. Tsoro nake ji. Takardar da masu aikin suka ce ku sa wa hannu ranar Litinin, wadda ba ka iya karanta yarenta ba, kada ka taɓa ta. Nemi ofishin jakadancinmu ko da a ƙafa ne.

Innarka Fanna tana gaishe ka, haka Haula da Meram. Mahaifiyarka ma tana gaishe ka. Tana ta nuna wa maƙwabta hoton cikin murna, na kasa buɗe baki in gaya mata.

Kawunka,
Sabitu