Turaren da Ya Kusa Kashe Mini Aure

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Wannan takarda daga hannun ƙanwarki Lauratu take, a nan Gagarawa, zuwa ga Yayata Rahamatu a birnin Kano. Gaisuwa mai yawa irin ta wadda kewa ta dama, tare da addu'ar Allah ya sa ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara. Yaya zafin bazara a wajenku? Mu nan sai godiya. Rijiyarmu ta yi ƙasa har an ƙara wa guga igiya, hadari kuwa sai ya taso daga gabas ya yi mana ƙwalele ya wuce. Baba ya aiko daga Gumel cewa ƙafar ta yi sauƙi, har yana fita masallaci da sanda. Inna tana nan lafiya, an ce ba ta wuni ba ta ambace ki ba, wai Kano da jirgin ƙasanta sun cinye mata 'ya.

Yaya, ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai wani saƙo da ya riga wannan takarda kama hanyar Kano, in kuwa ya shiga kunnen maigidana babu gaskiyar da ta bi bayansa, aurena yana iya mutuwa. Ki daure ki karanta har ƙarshe.

Kin san tun bayan kaka maigida ya kora jakuna da gyaɗa zuwa nan wajenku, ya kuma zauna yana sufurin kaya kafin ruwa ya sauka. Ya bar ni da Goggo Kande, yayar mahaifinsa da ta riƙe shi tun yana goye, sai ƙaninta Kawu Ilu da ke riƙe da ƙofar gida. Kin ga Goggo lokacin bikina, kin san irin tsabtarta, kuma duk garin nan ba mai yin doka kamarta, har daga Sule Tankarkar ake kawo mata amare kitso. To, murar nan da ta kwashi mutane bara ta kayar da ita. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ciwon ya bar mata tari, ya kuma bar mata abin da ya fi tarin. Fitsari ya daina riƙuwa gare ta. In ta yi tari, ko ta yunƙura za ta tashi, sai ya zubo. Ban sani ba sai ranar da na zaga bayan rumbu neman ƙwan zabi, na tarar da ita a durƙushe tana binne wani ƙyalle. Ashe zannuwanta na saƙi take kekketawa tana ƙunzugu da su, in ya ɓaci ta binne, don ba ta da ƙarfin ɗaukar tulu, ba ta kuma iya buɗe baki ta roƙi kowa. Zane uku ta gama da su a haka.

Da ta ga na gani, ta kama hannuna ta matse har sai da na ji zafi. Ta ce in tuna sana'arta a kan cinya ake yin ta, mace kan kwantar da kanta a jikin mai kitso wuni guda, hancinta a kan zanenta. Ranar da aka ce Kande tana zarni, ranar kibiyar kitsonta ta faɗi. Ta ce in na bari ko ƙuda ya ji, ba ta yafe mini ba. Na ɗaukar mata alkawari, na ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na kuma roƙe ta ta daina binnewa, ni zan riƙa wankewa.

Da farko na yi wauta iri-iri. Na tafasa ruwa na zuba a kai, ina ganin zafi ne zai kore warin, ashe kama shi yake yi ya zauna a zare. Na gwada kanwa, ta sa ƙyallen ya yi kaushi ya saɓule wa tsohuwa fata, sai da muka yi ta shafa man kaɗanya. A hankali na gane hanya. Da ta cire, sai in ɗauraye da ruwan sanyi nan take, kada a bari ya kwana. In jiƙa a ruwan toka da na tace, in cuɗa da sabulun salo, in ɗauraye har sai santsin ya fita, a ƙarshe in matsa lemun tsami a ruwan, in babu kuwa tsamiya. Na ninka mata su da auduga a tsakiya, audugar ce muke ƙonawa. Tana sakewa kafin kowace salla, da kafin kowace mai kitso ta zauna. Ke dai kin san ruwan da wannan aiki zai ci a watan da rijiya take rowa.

Wanki bai gagare ni ba, shanya ce ta gagara. Gidan mai kitso ba ya rabo da mata, in na baza su a tsakar gida, kowace ta san tsohuwa irin Goggo ta wuce ƙunzugun wata, ni kuma ba zan yi mai yawa haka kullum ba. Sai na ɗaura igiya a cikin ɗakina bayan gado, na riƙa sakin asabari. Kaya ba rana ba iska, sai su bushe da wani wari mai tsami, ɗakin ya gume. Nan na tuna kajijin da kika ƙullo mini a kayan aure. Na riƙa zuba garwashi a kasko ina turara ɗakin safe da yamma, ina turara ƙyallayen kafin in miƙa mata a ƙarƙashin faifai. Har ina jin daɗin dabarata, ina ganin kaina kamar matan nan na cikin ƙissoshin da Baba ya kwafa mana, waɗanda kan riƙe sirrin babba har Allah ya ɗaukaka su. Kin sha yi mini faɗa cewa takardun nan za su sa tuwona ya ƙone. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Abin da ban lissafa ba shi ne hayaƙi ba ya tsayawa a ɗaki. Maƙwabciyarmu Kyauta, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ita ta fara. Ta tare ni a bakin rijiya gaban mata, ta ce amaryar Gumel sannu da aiki, wannan ƙamshi haka ko maigida ya dawo ne ta bayan gida ba a faɗa musu sun zo barka ba. Wata ta ce ai ba ƙamshin kaɗai ba, a duba tulun, matar da mijinta yake Kano me take yi da wanka sau ba adadi. Kyauta ta ce su bar ni, mai iya rubutu ba ta rasa mai karanta mata. Aka kwashe da dariya har da tafi. Na sunkuyar da kai na ja gugana. A raina ina cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, ban san kafin a kai ƙarshensa yana iya haɗiye mutum ba.

Ba a daɗe ba Kawu Ilu ya sa aka kira ni zaure. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba, wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ce shi aka bar wa amana, kuma magana ta kai har dandalin masallaci. Ya tambaye ni wa nake yi wa turare, me ya sa asabarina ba ya ɗaguwa da tsakar rana. Yaya, amsar tana kan harshena. Daga inda nake ina jin tarin Goggo a ɗakinta, na san tana jin mu. Na jira ta yi gyaran murya, ba ta yi ba. Na ce masa kawai Allah ya san ban ci amanar kowa ba. Ya ce kowane mai laifi haka yake faɗa. Ya ce ya riga ya ba masu jakuna saƙo su gaya wa maigida ya zo ya ga gidansa, ni kuma in haɗa kayana, ranar kasuwa za a raka ni Gumel in jira hukuncin mijina a gaban iyayena.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji haushin Goggo a ranar. Na shiga karɓar kayan la'asar, ta miƙo mini ta kau da kai. Na so in jefar mata da su. Sai na ga yadda ta matse ƙafafu kamar yarinyar da ta yi laifi. Na karɓa na zaga na wanke, ina cuɗawa ina kuka, ina tunanin fuskar Baba in aka ce masa an koro 'yarsa a kan wannan zargi. A cikin ƙissoshina a irin nan ne wani baƙo kan ɓullo ya wanke mace. Ni ba baƙon da ya zo, sai kajin gida da ke tsattsagar ruwan toka.

Ana gobe kasuwa, Kyauta ta zo kitson bikin 'yar ƙanwarta, tare da wasu mata, suka zauna gindin kurnar tsakar gida. Ina ɗaki ina ɗaure 'yan kwanukana, ina jin komai. Goggo ta tsefe mata kai ta shafa man shanu, ta kai rabin doka. Kyauta kuwa, kanta a kan cinyar Goggo, bakinta bai huta ba. Ta ce kafin a tafi da ni ya kamata a ɗaga gadon nan a gani, ko kwarton ya manta hularsa. Ta ce tausayin Goggo take ji, ta raini yaro da wahala an kawo masa mai tawada a hannu. Sai na ji Goggo ta ƙwala mini kira da irin muryarta ta kafin ciwo. Ta ce in naɗe asabari, in kwance igiyar da ke bayan gado, in ɗaura ta daga kurna zuwa rumbu, in shanya duk abin da ke kanta. Na leƙo na tsaya ina kallon ta. Ta ce ko na kurumce ne.

Na fito da su ɗaya bayan ɗaya. Goggo ba ta saki gashin Kyauta ba. Ta juya mata kai wajen igiya ta ce ga kwartayen nan a shanye, ta ƙirga su da kyau ta kai wa masallaci labari. Ta ce nata ne, tun murar bara ba ta riƙe fitsari, yarinyar nan da suke ci da rai ita ke wanke mata safe da yamma, ta gwammace a kore ta da ta tona. Sannan ta tambayi Kyauta, a duk kitson da ta yi mata cikin watannin nan, hancinta a kan wannan zane, ko ta taɓa jin wani abu. Kyauta ta ce a'a da wata 'yar siririyar murya. Goggo ta ce to in ƙyama ta kama ta yanzu, ga hanya, ta tafi biki da rabin kai. Kyauta ba ta tashi ba, ta zauna har aka gama kitson.

Kada ki ɗauka abin ya tafi a banza. Ɗaya daga cikin matan ta ce ta bar tukunya a wuta, ba ta dawo ba har yau. Wasu da ke zuwa duk mako sun koma wajen wata mai kitso a unguwar gabas, kuma ina ganin yadda Goggo take kallon ƙofa in hantsi ya yi. Amma wata tsohuwa da ke wurin ta dawo da yamma ita kaɗai, ta rage murya ta tambaye ni yadda nake tace tokar. Kawu Ilu kuwa bai iya haɗa ido da ni ba, sai ya aiko mini da goro da sabuwar igiyar guga. Abin da ya ba ni dariya da kuka lokaci guda, kafin la'asar kayan nan sun bushe ƙayau, na shinshina ban ji komai ba sai ƙamshin rana. Abin da na ƙona rabin kajijina ina nema, ashe yana tsakar gida kyauta.

Saura saƙon da ya riga ya tafi, ba a kuwa kiran kibiya in ta bar baka. Kin san maigida, yana da haƙuri amma in ya yi zuciya ba ya shawara, ina tsoron kada ya furta abin da ba ya gyaruwa a gaban abokan tafiya. Ina roƙon ki don Allah, ranar da wannan ta iso, ki sa Malam ya neme shi a zangon masu jakunan ƙasar Gumel, ya karanta masa ita. Dole in rubuta sunan don a san wa za a tambaya, Allah ya yafe mini rashin kunya: Haladu na Gagarawa. Goggo da kanta ta ce a faɗa masa komai, kada a rage. Ta ce a ƙara masa da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in kuma lallai sai ya saki wata a gidan nan, to ita ya saka.

Ki gaishe mini da Malam da kyau, ki ce ƙanwarsa ta ɗora masa nauyi. Ki gaida Hannatu da Rabi'atu, da autanki da ban taɓa gani ba. Goggo tana gaishe ki, Kawu ma haka. Na ba Manu mai jakuna takardar, ya ce da asuba za su ɗora kaya. Ragowar kajijin na ƙulle shi a tsumma na sa a ƙasan tukunya, kaskon kuma na kife shi. In Malam ya ga maigida, ya gaya masa ba zan sake sa wa kaskon wuta ba sai ranar da na ji kukan jakunansa a ƙofar gida. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarki mai jiran amsa,
Lauratu, a Gagarawa, cikin watan Azumin Tsofaffi.