Baƙon Sama a Unguwar Dosa

Yaya A'ishatu, kin taɓa ganin mutumin da ya sauko daga duniyar wata? To ga ƙaninki nan!

Bayan gaisuwa, ya Inna da ƙafar tata? Satina uku a Kaduna ina dakon bulo a Katabu, sai wani mai shirya fim, Darakta Auwal, ya ce tsawona ya yi masa. Ni ne Baƙon Sama! Jirgina tankin ruwa ne aka shafe da fenti. Hulata ta 'yan acaɓa ce, an liƙa mata tocila biyu.

Abu ɗaya ne. An ari wani gida a Unguwar Dosa, wai in faɗa tsakar gida kawai, mata su watse. Gidan matan aure fa, Yaya! Sau bakwai ana ɗauka, sau bakwai ina sallama. Darakta ya dafe kai ya ce, "Kai ɗan ƙauye, a wata akwai zaure ne?" Ya ce jibi in na sake, wani ɗan wasa, Hamza, zai sa kayan. Ki tambayar mini Inna ko in shiga ba sallama, ki ba direba Yahya amsa.

Naki, Nazifi.

*

Assalamu alaikum Nazifi,

Muna lafiya. Na karanta wa Inna har sau biyu. Ta ce ko daga wata ka faɗo, ita ta haife ka. Ranar da ta ga ka shiga gidan mutane ba sallama, ka tattaro kayanka ka biyo Yahya, gona na jiranka. Ta kuma ce in akwai sanyi a can saman, ka riƙa sa riga biyu.

Allah ya tsare.
Yayarka, A'ishatu.

*

Yaya, ina gaisuwa.

Na yi sallamar. Da ƙarfi ma! Wata tsohuwa da ba ta cikin fim ta amsa daga ɗaki, har da cewa a ba baƙo tabarma. Mai kyamara ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Aka cire mini kayan aka sa wa Hamza, sai ga wando yana jan ƙasa, hula ta rufe masa ido, ya yi karo da turmi. Dole aka bar wanda aka ɗauka da ni.

Amma Darakta ya ce zai goge muryata a kwamfuta. Ashe ana goge magana bayan an faɗe ta? To Inna za ta ga na shiga shiru ke nan, alhali na yi. Wa zai shaide ni?

A gaida kowa.
Nazifi.

*

Yaya! Gaisuwa!

An haska jiya bayan la'asar a gidan kallo a Kawo, cike maƙil. Tanki ya buɗe, hayaƙi ya tashi, na fito. Na runtse ido. Sai na ji muryata: "Salamu alaikum!" Yaya, gidan kallon nan kaf ya amsa! Har da tafi. Bai goge ba. Yanzu Darakta cewa yake dabararsa ce tun farko.

Ga fim ɗin a memori na naɗe cikin takardar nan. Ki ƙure wa Inna ƙarar waya, kunnenta na dama ya fi ji.

Yahya na ta danna hon. Bari in tafi.

Nazifi.