Malam, Takwaranka Ya Waiwayo

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya ƙara haskaka makwancinka, na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma da ƙyar ka karanta, tunda kullum cewa kake bokon da na koya a ajin manya kamar kaji sun yi tono ne. Ka yi haƙuri da shi hakanan. Bakina ne ya cika, kuma duk wanda zan ba labarin nan a Gazara a gabansa aka yi.

Mutanen gida suna lafiya. Raken fadamarka ya yi kyau bana. Autanka Nasiru ya yaɓe zaurenka, yara na karatu a ciki kamar da. Amininka Tanimu Ladan yana nan yana kiran salla, muryar ta tsufa amma shi bai yarda ba.

Labarin takwaranka zan ba ka. Ka tafi ka bar Rabi matar Nasiru da ciki, ta haifi namiji, aka mayar da sunanka. Ka san abin da wannan ke jawo wa gida. Nasiru ba zai faɗi sunan ubansa ba, sai yake ce masa Abba. Rabi ba za ta faɗi sunan surukinta ba, sai take ce masa Baba. Ni kuwa da na zauna da kai har kaina ya yi fari ban taɓa furta shi ba, Maigida nake ce masa. Ba wanda abin ya dama, don yaron ba ya amsa ko ɗaya.

Ni na fara ganewa. Wata rana tukunyar ƙarfe ta suɓuce wa Rabi a bayansa, kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya, shi ko ƙiftawa bai yi ba. Mun yi tofi, mun yi rubutu, mun ɗiga duk man da aka ce a ɗiga. Ya doshi shekara uku ba baki. Amma kar ka zaci yaro ne abin tausayi. Da hannu ya raɗa wa kowa suna. In ubansa yake nufi sai ya murɗa hannu kamar mai tayar da babur. In uwarsa ce sai ya tuƙa tuwo a iska. Ni kuwa ja'irin nan giɓina yake nunawa, sannan ya yi dariyarka, wadda kafaɗu ke rigan baki.

Abin da ke cin raina ban gaya wa kowa ba. Babura na wucewa a ƙofar gida ba ya jin su. Yaran lungu sun fara ce masa Bebe. Sai ya leƙa zaurenka ya ga bakuna na motsi a kan alluna, ya tsaya yana kallo. Jikanka, mai sunanka, a zaurenka, ya girma bai san Bisimilla ba? Wannan nake kwana da shi nake tashi da shi.

Ana haka Nasiru ya ji labarin wani a kasuwar Makarfi mai sayar da na'urar ji a kan faranti, tsakanin tocila da cajar waya. Da yake babbar sayayya ce, sai ya ɗauki Tanimu, wai shi ya san kan sauti tunda shi ke zaɓo wa masallaci lasifika. Ni ma na bi su. Malam, da ka ga gwajin nan! Tanimu ya sa a kunne, mai kaya ya koma can wajen masu manja ya yi raɗa, Tanimu ya yi firgigit. A haka ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan wadda ta sa shi hawaye. Ya ce ita ce, wannan ko turmi aka sa wa sai ya ji. Ni ma na saka, na ji kamar injin niƙa ya tare a kaina, na ce madalla. Mu uku masu kunne lafiyayye muka zaɓa wa kurma abin ji, shi kuma yana gida yana bin 'yan tsaki.

Da muka dawo, na'urar ta ƙi zama, don ta kunnen babba ce. Rabi ta ɗaure masa da ɗankwali kamar mai ciwon haƙori. Ana kunnawa ta yi wani fito, yaro ya ƙwalla ihun da ban taɓa ji ba, ya fizge ta. Washegari a kaskon ruwan kaji muka tsince ta. Tanimu ya ce taurin kai ne irin na kakarsa. Kasuwa ta zagayo muka koma neman mai faranti. Wani ya ce yana Ikara, wani ya ce Kudan ya gan shi. Har yau ana ganinsa, mu ne dai ba mu gan shi ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ce mu bar yawo mu kai shi Zariya a gwada kunnen tukuna. Likitar da muka samu yarinya ce, ba ta girmi Rabi ba. Ta shigar da shi wani ɗaki shiru kamar cikin rumbu, ta mayar da gwajin wasa, har ya ƙi fitowa. Ta ce ba duka jin ya tafi ba, akwai saura, kuma kowane kunne da nasa. Sauti mai kauri irin na ganga yana ɗan ji, siririn ne ke wuce shi. Ta ce irin ta kasuwar nan kowane sauti ɗaga shi take yi ba tambaya, da ya daɗe da ita da ta iya cinye ɗan sauran da Allah ya bar masa. Ashe duk cikinmu yaron ne ya yi hankali da ya jefa ta a ruwa.

Sai ta baje mana na'urori iri-iri. Idon Nasiru da na Rabi na kan wata 'yar mitsitsiya mai ɓuya cikin kunne, don kar mutane su gani. Ni kuwa sai na ce a ba ni dama. Ka tuna binciken da na yi kafin a nema wa Nasiru auren Rabi, har goggonta ta ce ko ƙasa za a ba ta ta riƙe? Shi na yi wa na'urar nan, tunda ita ma gidanmu za ta tare. Na tambayi su waye danginta. In ta yi yaji, ina za a je biko? Me take ci, batir ko caji? Tana jure gumi, don Maigidana ba ya zama? Kunnensa na girma, ita ma za ta girma ne? Likita ta yi dariya har da share ido, ta amsa mini ɗaya bayan ɗaya. Ta ce yaro wadda ake rataya wa a bayan kunne ta fi masa, don ɗan roban da ke shiga ciki kawai za a riƙa sakewa in ya girma. Ta ce da kwamfuta za a saita ta daidai jin kowane kunne, a riƙa dawowa ana dubawa, in ta lalace kuma nan wurinsu akwai mai gyara. Muka ɗauki mai caji, tunda Nasiru na da sola, ba sai an je Zariya neman batir ba. Aka haɗa da igiyar da ake maƙalawa a riga, saboda kaskon kaji.

Launi kuwa shi aka bar wa ya zaɓa. Ubansa na nuna masa mai kalar fata, shi ya damƙi ja kamar barkono. Ɓoyon da ba a yi ba ke nan. Raken fadamarka ne ya biya, don haka kai ka saya masa.

Aka cusa masa wani abu kamar ƙullun alewa a kunne don a ɗauki siffarsa, bayan 'yan makonni muka koma aka saka masa na'urar. Kar ka zaci ana kunnawa ya ce Inna. Ƙamewa ya yi, ido waje, ya riƙe zanena ya yi kuka, sannan ya shiga neman inda ƙarar fanka ke fitowa. Likita ta ce ji ma koyonsa ake yi, mu yi ta yi masa magana, kuma kar mu bar maganar hannu. Da muka iso gida zakara ya yi cara, sai ya bi shi da gudu yana leƙa bakinsa. Ashe duk shekarun nan ya ɗauka hamma yake yi. Da Tanimu ya kira la'asar kuwa, sai ya ɓuya a bayana. Na aika aka gaya wa Tanimu yau mun samu shaida wanda ba ya son kai.

Muka ci gaba da kai shi Zariya ana koya masa saurare. Su can ba ruwansu, sunan da ke jikin katinsa suke kira, gatsal, ba ko sakayawa. Duk kira ɗaya sai na ji kamar an yaye mini mayafi a tsakiyar kasuwa. Ni da Rabi mun haddace ƙasan ɗakin nan da ido.

Sai wata damuwa ta taso. A gida yana waiwayen babur, yana waiwayen akuya, amma mu ba ya waiwayenmu. Rabi ta yi ta Baba, Baba, har muryarta ta dushe. Nasiru ya yi ta Abba. Ni na yi ta Maigida. Ko gezau. Rabi ta zauna tana hawaye, wai wannan ma ta lalace. Nasiru ya ce an sake yi mana ta mai faranti. Na ce a'a, wannan mun san gidan iyayenta, a tashi a je.

Likita ta duba ta ciki da waje ta ce lafiyarta ƙalau. Ta zagaya bayansa ta kira sunan nan, ya juyo yana washe baki. Sai ta tambaye mu me muke ce masa a gida. Mu uku muka amsa a tare, kowa da nasa. Baiwar Allah ta yi ƙoƙari ta danne dariya, bai dannu ba. Ta ce yaron kalmomi yake tsinta ɗaya-ɗaya, kuma wadda ya fara ganewa tasa ce ita ce wannan. Ta ce mu zaɓi suna ɗaya, kowanne ne, amma kowa ya riƙe shi. Ka ji, Malam? Na'ura lafiya lau, mu ne muke bukatar saiti.

A mota Nasiru ya ce a tsaya a kan Abba. Rabi ta ce in ka kira Abba a lungunmu rabin yaran ne za su fito. Ni kuwa tunani nake: yaron nan ya yi shekarunsa ba wani suna da ya taɓa shiga kunnensa. Guda ɗaya da ya tsinta da kansa ya riƙe, shi za mu ƙwace don kunyarmu?

Washegari na zaga bayan rumbu na gwada kiran sunan a kan akuya. Karon farko iska ce kawai ta fito. Karo na biyu rabinsa ya fito, akuya ta daina tuƙa ta kalle ni irin kallon da uwarka za ta yi mini.

Da hantsi yana zaune a tsakar gida ya ba ni baya yana shan rake, jan abin nan na ƙyalli a bayan kunnuwansa. Rabi na tankaɗe, Nasiru na goge babur. Na yi Bisimilla a zuci na kira shi da sunan nan. Ban ɗaga murya ba.

Ya waiwayo, Malam.

Ya duba uwarsa, ya duba ubansa, sannan ya gano daga bakina ya fito. Ya dafa ƙirjinsa, ya nuna giɓina, kafaɗun nan suka fara rawa. Rabi ta rufe fuska da faifai. Nasiru ya tsugunna yana neman abin da bai ɓata ba a ƙarƙashin babur. Tanimu da ke wucewa ta bayan katanga ya saki salati, wai yau duniya ta zo ƙarshe, Binta ta kira mijinta da rana tsaka. Na ce masa angona na kira, in nasa ne ya zo ya ɗauka.

Yanzu kowa ya bi. Nasiru na faɗa da sauri kamar ya ɗauki garwashi. Rabi sai ta sa Malam a gaba, har da ɗan rusunawa, ga yaron da ita ke yi wa wanka. Yaran lungu sun bar Bebe, so suke ya ara musu jan abin. Bakinsa ya fara buɗewa. Rake ya fara cewa, ba Inna ba, jininka ne ai. Shekaranjiya kuma ya zauna a zaurenka cikin yara, ya bi su Bisimilla. Rabinta ya kamo, amma ni na ji ta cikakkiya.

Saura abin da ban taɓa gaya maka ba. Sunan nan yana da daɗi a baki. Tun ranar da ka tsaya a ƙofar gidanmu da hularka a karkace nake faɗinsa a zuci. In ka yi dare a fadama, shi nake kira. Ranar da aka fita da kai na buɗe baki, sai na ga mutane, na rufe. Da na kira ka sau ɗaya kana raye, me za ka yi? Faɗa za ka yi, ko kafaɗun ne za su yi rawa? Ina jin na san amsar, don na gan ta a tsakar gida da rake a hannu.

Bari in tsaya nan, ga shi can ya nufi kaskon kaji, gara in kira shi tun abin na jikin riga.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. In na iso ba sai na yi gyaran murya a bayanka ba. Ka dai kasa kunne, Ilyasu.

Taka har kullum,
Binta, wadda kake ce wa "Ke".