Tantabaruna Sun Koma Bin Matata

Mista Pargeter, don Allah ka taimake ni, amma kada ka buga sunana a shafinka na jarida. Duk mai kiwon tantabara a Cradley Heath ya san ni, kuma ba na son su ji wannan.

Shekara talatin da huɗu ina kiwon tantabaru masu alkafura. A duk tsawon shekarun nan matata Enid ba ta taɓa leƙa ɗakinsu ba, sai dai ta tsaya a ƙofar kicin tana mita a kan kashin da suke yi mata a shanya. To, a ƙarshen watan Yuli aka kwantar da ni asibiti aka yi mini aiki a ƙugu, daidai lokacin da suka fara zubar da gashi. Na rubuta mata komai a takarda: alkama da sha'ir, awo kaɗan, kuma ta tashe su sama su yi shawagi kullum da safe. Haka ubana ya koya mini, in suka ƙoshi ba sa alkafura.

Ko layi ɗaya ba ta bi ba. Wai ta ga sun yi wujiga-wujiga kamar tsohuwar tsintsiya, sai tausayi ya kama ta. Ta ƙara musu wake da ƙananan iri masu mai, ta riƙa ajiye musu ruwan wanka, ba ta tashinsu sai jefi-jefi.

Bayan mako bakwai na dogara sanda na fita tsakar gida na gan su. Ban taɓa ganin gashinsu yana sheƙi haka ba. Ta sake su, su ashirin, suka dunƙule wuri ɗaya a sama suna kifewa tare. Na kaɗa gwangwanin hatsi don su sauko, ko kallona ba su yi ba. Ita kuwa fito ɗaya ta yi, sai ga su reras a kan katakon ƙofar ɗakinsu. Tsuntsayen da aka ƙyanƙyashe a hannuna fa!

Len Hadley, sakataren ƙungiyarmu ta masu tantabara, yana jingine da katanga yana kallo. Ya ce in daure in kai ɗaya ƙugun ma a gyara, ko ma samu mu ci kofi bana. A mashaya yanzu ba mai tambayar ƙafata, sai dai yaya Enid da tantabarunta. Tantabarunta! Har Len ya kawo shawarar a rubuta sunanta kusa da nawa a gasar Oktoba. Na taya su dariya, amma kishi ne ke cina, kishin matar da muka shekara arba'in tare.

Ga abin da ya sa na rubuto. Makon jiya ta tafi Dudley wajen ƙanwarta, kwana huɗu. Na mayar da su kan sha'ir zalla, rabin awo, don in nuna hanyata ta fi. Rana ta huɗu na tashe su, alhali na ga gashin ƙarshe na fiffiken Dolly bai gama fitowa ba, da jini a gindinsa. Dolly jar tantabara ce mace, babu kamarta a ɗakin. Ta fara alkafura ta kasa tsayawa, ta faɗo kan rufin maƙwabci, fiffike ya karye. Da Enid ta dawo na ce mata ƙiba ce ta jawo, waken da ta ɗura musu ne. Ba ta ce uffan ba. Ta miƙo mini gwangwanin, ba ta sake taka ƙofar ɗakin ba. Dolly tana cikin kwali kusa da murhu, Enid ce ke ɗaukarta safe da yamma tana ba ta ruwa.

Na samu abin da nake so, ga shi abinci ba ya shiga mini. Gasa saura mako uku. Me zan ba su su dawo daidai? Kuma dole ne sai na faɗa mata?

Tsohon Hannu

*

Tsohon Hannu,

Bari mu fara da tsuntsayen, tunda su ba su yi wa kowa laifi ba. Mahaifinka bai yi kuskure ba, amma awon da ya koya maka na lokacin tashi ne. Lokacin sake gashi jikinsu aiki yake yi, kuma ba a ƙera gashi da sha'ir zalla. Ka mayar musu da wake da iri masu mai tun yau ɗin nan, da tsakuwar niƙa abinci, da wanka sau biyu a mako. Ka buɗe fiffiken kowace ka duba. Wadda gashin ƙarshenta bai bushe ba ta zauna a ɗaki. In sun gama, sai ka rage waken sannu a hankali cikin kwana goma. In mako uku bai isa ba, ka haƙura da gasar bana.

Kishin kuwa ban ga abin mamaki a cikinsa ba. Mutum ya tashi daga jinya ya tarar an iya aikinsa ba tare da shi ba, dole ya ji zafi, kuma abokanka sun yi wasa da inda ke maka ciwo. Amma ka tuna, wake ba ya koya wa tantabara alkafura. Shekarun da ka yi kana zaɓen uwa da uba su suka sa wannan a jininsu. Enid kuma ta ba su abin da kai ka daɗe kana hana su. Sunayenku biyu sun cancanci hawa takardar gasar.

Ka tambaya ko dole ne ka faɗa mata. Matar da ta yi mako bakwai tana riƙe tsuntsayen nan ta san nauyin kowace. Yanzu safe da yamma Dolly tana tafin hannunta, yatsunta na kan ƙashin ƙirjin tsuntsuwar da ta kwana huɗu da yunwa. Kana tsammanin ƙiba take ji a wurin? Enid ta sani tun ranar farko. Shirun da ta yi lokaci take ba ka, kuma ba zan iya ce maka nawa ya rage ba. Ka ajiye jaridar nan, ka shiga kicin ka faɗa mata da bakinka, ba tare da kawo uzurin ƙugu ko na Len ba.

Allah ya ba Dolly lafiya, ya ƙara maka sauƙin ƙafa, ya sa ka tarar Enid tana jira har yanzu.

W. Pargeter